Baba Sama'ilu Mai Toka da Lungun Dela

Salamu alaikum mutanena na Kazaure, na Roni, na Gwiwa, har da ku 'yan Babura da kullum sai an wanke kofin shayi kuke isowa. Yau ba tsokana na kawo muku ba, ko da yake kun san halina, tana iya kufce mini a hanya. Labarin wani tsoho na kawo, shi da buhun tokarsa. Ku gyara zama. Wanda ke kan babur ya faka tukuna.

Ranar Asabar da ta wuce, Ƙungiyar Masu Shinge da Danga ta yankinmu ta yi taro a Kazaure. E, akwai ta, daina dariya. Suna da shugaba, suna da sakatare, har hula iri ɗaya suka ɗinka. Taron na sallamar uban ƙungiya ne, Baba Sama'ilu na Roni, wanda aka fi sani da Mai Toka. Ya ce ƙafa ta ƙi, ido ya rage, ya ajiye dagi bayan shekara sittin da 'yan kai yana haƙa rami yana kafa turke.

Har gobe, in ya dawo daga sallar asuba ba ɗaki yake shiga ba. Madafi yake nufa. Ya tsuguna gaban murhu da wani tsohon kwano, ya kwashe tokar jiya tas, ya tankaɗe ta a rariya kamar mai shirin tuwo, ya juye a buhu. Matarsa Inna Tasalla ta ce mini faɗansu ɗaya ne tun tana amarya.

"Ɗan nan, ka taɓa ganin mace mai murhu uku tana aika maƙwabta roƙon tokar miya? To ga ni."

Baba yana daga gefe ya ce, "Ai miyar tana daɗi a haka."

"Wa ya kasa da kai?"

Ga abin da yake yi da tokar. In ka ba shi aikin shinge, ba ya taɓa dagi sai bayan kwana uku. Zai bi iyakar filin a ƙafa yana barbaɗa toka, faɗin taku guda, har ya zagaye ya dawo inda ya fara. Sai ya tafi gida abinsa. Kowace safiya ya dawo ya bi layin yana karanta sawu: nan shanu suka ƙetare, nan mata masu zuwa rijiya, nan jaki da kaya, nan bushiya ce kawai ta wuce harkarta. Duk inda ƙafar mutane ta saba bi, nan zai bar ƙofa. Ya ce mini, "Mai gona zai nuna maka inda gonarsa ta tsaya. Amma wanda ke bi ta ciki, sai toka ta gaya maka."

Kuskure ne ya koya masa. Shekarar da aka samu 'yancin kai yana ɗan ashirin, aka ba shi aikinsa na farko, dangar wani lambu a Roni. Ya jera kara, ya ɗaure da igiyar rama, abin ya yi kyau har shi kansa yana ja da baya yana kallo. Ya tafi Kazaure kallon biki, 'yan makaranta da ƙananan tutoci suna ta kaɗawa, kowa yana cewa ƙasa ta zama tamu. Da ya dawo ya tarar an huda dangar a tsakiya, daidai girman mace da tulu a ka. Ya gyara, aka sake hudawa. A karo na uku wata mata ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa.

"Yaro, rijiya tana can, gidajenmu suna nan, kai kuma ka zo ka tsaya a tsakiya. Ya kake so mu yi, mu yi fiffike?"

Don haushi ya tara karyayyun karan ya cinna musu wuta. Washegari ya zo ya ga tokar cike da sawu, duk a layi ɗaya, kamar an rubuta masa wasiƙa. Ya daɗe a tsugune yana kallo. Tun daga ranar nan Roni ta rasa tokar miya.

To mu tsallaka zuwa shekarar saba'in da shida, zamanin da kuɗin fetur ya shigo, lokacin nan duk Kano ce, ba a haifi Jigawa ba. Waɗanda suka gani sun ce kamar mafarki ne. Ka kwanta maƙwabcinka yana da jaki, ka tashi yana da Honda. Rufin kwano yana ƙyalli daga nesa, rediyo a kafaɗar kowa. Sai ga wayar ƙaya ta iso a manyan motoci, a nannaɗe, tana walƙiya a rana. Masu danga suka ga in ba su haɗa kai ba 'yan birni za su kwashe aikin, sai suka taru a kasuwar Kazaure, mutanen garuruwan nan huɗu, suka kafa ƙungiya. Suka ba Sama'ilu shugaba. Mataimakinsa Lauwali ne na Babura, mutum mai zafin nama, mai baki kamar rediyon da ba a kashewa. Yana raye, shi ma ya zo taron, kuma rabin labarin nan daga bakinsa na ɗauko.

Aikinsu babba na farko na wani ɗan kwangila ne, Alhaji Maikasuwa, da ya sayi makeken fili a bakin titi tsakanin Roni da Gwiwa. Yana so a zagaye masa da waya kafin ruwan farko. Ya faɗa musu a fili, in ba za su iya ba yana da mutane a Kano, kira ɗaya ne. Kowa a ƙungiyar ya san in wannan aikin ya kufce, ƙungiyar ta mutu tun ba ta yi haƙori ba.

Sama'ilu ya barbaɗa tokarsa. Sai da ya bi gida-gida a Roni yana roƙo kafin ta ishe shi. Ta arewa ya ga sawun shanu, burtali ne sananne, Alhaji bai yi musu ba, aka ja shingen baya aka bar wa Fulani hanyarsu. Amma ta gabas, wajen wani ɗan ƙauye da ake kira Zangon Aduwa, sai ya ga wani sawu shi kaɗai. Ƙananan ƙafafu ba takalmi, ta hagun tana ɗan ja, ga ramin sanda a gefen dama. Sawun ya shiga filin, ya ratsa shi tun daga wannan baki har wancan, ya fita a bakin titi, gindin wata tsamiya. Da yamma ya dawo ta inda ya bi. Kwana uku, ba fashi.

Rana ta uku ya bi sawun. A gindin tsamiyar ya tarar da wata tsohuwa a zaune, da baƙin zane na saƙi, ga ƙwarya a gabanta an rufe da faifai. Idonta yana kan titi. Ya tsuguna ya gaishe ta.

"Inna, fura ake sayarwa?"

"Ba ta sayarwa ba ce, ɗan nan. Ta Haladu ce."

Sunanta Dela. Haladu ɗanta ne, shi kaɗai Allah ya bar mata. A gindin tsamiyar nan ya hau mota ya tafi soja lokacin yaƙin basasa, shekara tara ke nan. An gama yaƙi, 'ya'yan wasu sun dawo, na wasu an kawo labari, nata shiru. Mutanen ƙauye sun yi masa addu'a sun haƙura. Ita kuwa kullum sai ta dama fura ta ratso filin, ta zauna har rana ta yi sanyi, sannan ta ba duk matafiyin da ya wuce ta koma gida.

"A nan ya hau, a nan zai sauka," in ji ta. "Kuma yaron nan ba ya jure ƙishirwa."

Sama'ilu ya juya ya kalli filin. In aka ja waya, sai ta zagaya ta burtali, tafiyar da ƙaƙƙarfan mutum ma sai ya yi awa biyu. Da wannan ƙafar ba za ta kai ba. Iska ta kaɗa, ganyen tsamiya ya zubo a kan faifan, ta sa hannu ta share a hankali. Ya ce a ranar ji ya yi kamar duk wayar da ke jibge a bakin titi a ƙirjinsa aka naɗa ta.

Ya sami Alhaji a jikin Fijo ɗinsa ya yi masa bayani.

"Mutum nawa ka ce?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe."

"Tsohuwa ɗaya! Malam Sama'ilu, yau tsohuwa, gobe akuyarta, jibi garken garin gaba ɗaya a cikin gyaɗata. Na ba Fulani hanya, ban ce komai ba. Wannan kam a rufe."

Ƙungiya ta zauna a gindin wata ɗorawa. Lauwali ya miƙe, kuma ranar Asabar da kansa ya maimaita abin da ya ce, bai rage ko kalma ba.

"Na ce masa, Malam Sama'ilu, mu ashirin da bakwai ne a nan, kowa da iyali. Yaron nan ya mutu, kowa ya sani in ban da uwarsa. Za ka kashe mana ƙungiya don mamaci ya sha fura?"

Sama'ilu ya ce, "Ban ce yana raye ba. Na ce ita tana raye. Hannuna ba zai ja waya a kan sawun nan ba. In ku za ku ja, ban hana ku ba."

Aka ɗaga hannu. Mutum uku ne kawai suka bi bayansa. Ya ɗaure buhun tokarsa a keke ya koma Roni, Lauwali ya zama shugaba, kafin la'asar an ja waya layi biyar ta gabas da ta bakin titi.

Washegari da ma'aikata suka zo, sai suka ga wani ɗan ƙyalle baƙi a maƙale a ƙayar layin ƙasa yana kaɗawa. Ƙarƙashinsa yashi ya share, kamar an ja buhu. Suka tsallaka zuwa bakin titi, can ma haka. Kowa ya kama dagi. Rana ta biyu wani ƙyallen, wannan karon da ɗigon jini a yashi. Rana ta uku Lauwali ya riga kowa zuwa, da sassafe, wai zai tsawata wa Dela.

Ga abin da Lauwali ya faɗa wa taron Asabar. Ya ce, "Jama'a, na tarar da ita kwance rub da ciki. Ta tura ƙwaryar gaba a hankali don kada ta zube, sannan ta tura sandar, sannan ta bi da kanta. Ƙaya ta kama mata baya, ta tsaya, ta ja numfashi, ta ci gaba. Da ta fita ta gan ni, wallahi ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, sannu da aiki ɗan nan, Allah ya yi albarka. Ni da na ja wayar!"

Bai tsaya ba sai ƙofar gidan Sama'ilu a Roni, ko Hondar bai kashe ba. Ya miƙa masa filaya.

"Ga ta. Zo ka yanke."

"Gonar mutum ce, Lauwali. Ba a yanka a ɓoye. Ciro mini ƙyallayen nan."

Su biyu suka sami Alhaji, sauran 'yan ƙungiya suna biye a baya. Sama'ilu ya jera ƙyallaye uku a kan Fijo, ya tsuguna ya zana abin da ke ransa da toka a ƙasa. Lungu, faɗin mutum ɗaya, waya hagu waya dama, tun daga Zangon Aduwa har tsamiya. Bakinsa a lanƙwashe yadda saniya ba za ta iya juyawa ta shiga ba. Akuyar da ta kutsa kuwa ba inda za ta ɓulla sai titi, ko ganye ɗaya ba za ta taɓa ba.

"Gonata ta rabu biyu ke nan," in ji Alhaji.

"Ta rabu, ranka ya daɗe."

"Kai ko ɗan lallashi ba ka iya ba?"

Lauwali ya ce, "Bai iya ba, Alhaji, shi ya sa muka cire shi. Amma in an rufe, sai dai 'yan Kano su rufe. Mu mun ja sau ɗaya, ya ishe mu."

Alhaji ya ɗauki ƙyalle ɗaya yana murzawa. Can ya ce irin zanen mahaifiyarsa ne, har ta rasu ba ta yarda ta ɗaura atamfa ba. Ya sa ƙyallen a aljihu.

"Ku yi. Amma ruwan farko ya sauka ban ga gonata a rufe ba, kada wanda ya sake zuwa mini da sunan ƙungiya."

Nan fa aiki ya ninku. Kuma Sama'ilu bai tsaya a lungu kawai ba. Ya ce wayar da za ta yi gefen hanyar Dela ba za ta ɗauki ƙaya ba. Babu waya maras ƙaya a kusa, don haka suka zauna, mutum ashirin da bakwai, kowa da filaya, suna warware ƙayar ɗaya bayan ɗaya suna zubawa a kwano. Kwana takwas. Hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa, su suna kallon sama suna cire ƙaya, yatsu duk sun fashe. Dela tana wucewa ta tsakiyarsu da ƙwaryarta tana musu sannu. Suka buga ƙusar ƙarshe ranar Alhamis, ranar Juma'a ruwa ya sauka.

Lauwali ya so ya mayar masa da shugabanci. Ya ce, "Riƙe, ka fi ni baki." Abu ɗaya ya nema, aka sa shi a dokar ƙungiya: toka kwana uku kafin dagi.

Yanzu ga inda gashin jikina ya tashi. Bayan shekara biyu, Sama'ilu yana bi ta wajen lokaci-lokaci ya duba lungun, kuma hannu ya saba, sai ya watsa 'yar toka a bakinsa. Wata ranar da la'asar ya dawo ta nan ya tsuguna. Ga sawun Dela na fita da safe, ƙafar hagu tana ja kamar kullum. Ga na dawowa, amma tun rana ba ta yi sanyi ba. Kuma a bayansa akwai wani sawun: takalmin soja ƙafa ɗaya, sai wani zagayayyen rami na sandar guragu. Takalmi, rami. Takalmi, rami. Har cikin Zangon Aduwa.

Ya ce bai bi su ba. Zama ya yi a ƙasa ya jingina da turke, yana jin guɗa tana tasowa daga ƙauyen, iska tana kawo ta tana mayarwa.

Daga baya Haladu ya ba su labari da bakinsa. Ƙafa ya rasa a yaƙi, kunya ta hana shi dawowa, ya zauna a kudu yana gadi. Ranar ma ba da niyyar shiga gari ya zo ba, so yake ya hango ƙauyen daga nesa ya hau mota ta gaba. Da ya sauka ya ga waya ko'ina, bai gane ƙasar ba, ya ce a ransa to, hanyar ma an rufe. Ya juya zai tsayar da mota, sai ya ji murya daga gindin tsamiya.

"Ka daɗe. Zauna ka sha, ta fara tsami."

Baba Sama'ilu, kai ne ka karanta sawun da ba wanda ya ɗauka a bakin komai. Kai ne aka cire daga kujera ka hau kekenka ba ka zagi kowa ba. Mai Toka, mijin Tasalla, mai hana miya daɗi! Mutane suna biyan ka don ka rufe, kai kuma kullum ƙofa kake nema musu. Daga Yankwashi har Kanya Babba akwai matan da ke zuwa rijiya kai tsaye, da makiyayan da ba su taɓa faɗa da manomi a kan hanya ba, ba su ma san sunanka ba. To yau sun ji.

Jiya na je na ga lungun da idona. Gonar ta sauya hannu sau uku, Dela da Haladu duk sun riga mu gidan gaskiya, amma hanyar tana nan, Lungun Dela ake ce mata. 'Yan makaranta ke bi yanzu. 'Yan acaɓa kuwa suna tsinar wanda ya lanƙwasa bakin, don babur ba ya shiga. Na gaya wa Baba, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ja'iri, su sauka su taka, ƙafa ba ado ba ce."

A taron Asabar matasan ƙungiya sun so a soke dokar toka, wai yanzu taswira tana cikin wayar hannu, kwana uku ɓata lokaci ne. Bayan Lauwali ya gama magana aka ce a ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Dokar tana nan.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka tarar da taka ƙofar a buɗe. Ku kuma masu saye da gini da katange fili a garuruwan nan, kafin ku kira mai bulo, ku je ku tsaya ku ga wa ke bi ta wajen. Toka ba ta da tsada, ku tambayi Inna Tasalla.

To mutanena, ku faɗa mini gaskiya, ban da cika baki. Kuna gindin ɗorawar nan, aikin mutum ashirin da bakwai a gefe guda, sawun tsohuwa ɗaya a gefe guda, an ce a ɗaga hannu. Wa za ku bi?